Takalmin gwanjo da muka yi tattakin Matan Fada da shi

Masu tambaya kan takalmin but ɗin da muka saya wurin wani mai gwanjo a babbar kasuwar Birnin Kebbi, to mun gwada shi ranar Asabar da ƴan ƙungiyarmu muka yi tattakin hunturu a bakin kogin Matan Fada, Argungu.

Mai shagon ya ce wai na tafiya cikin ƙanƙara ne irin ta Kanada, mu kam nan ba ƙanƙara sai raɓa da laka da iskar asuba mai tsaga leɓe. Ta wajen riƙe ƙasa gaskiya ba magana, ƙasan shi na da haƙora manya, inda masunta ke jawo kwalekwale wurin akwai santsi sosai amma ko sau ɗaya ban zame ba, abokina mai silifas kuwa sai da ya zauna daɓas cikin laka. Ruwa ma bai shiga.

Matsalar shi ɗaya, cikin shi duk gashi ne. Da hantsi ya ɗaga ƙafa sai zuffa kamar an sa ta a tukunya, ga nauyi.

In za ka saya, je da safa mai kauri ka gwada a shagon, kuma kar ka yarda da farashin farko, Alhajin yana ragi in ka dage.