AutoMod na Discord a zauren masu rubuta manhaja: yana aiki, amma sai da lura

Discord, manhajar hira ta zaure-zaure, ya fito da AutoMod, mai tace saƙonni da kansa bisa dokokin da aka sa masa, a 2022, kuma kyauta ne. Yana tare saƙo kafin kowa ya gani, ya kai rahoto ɗakin masu kula, ko ya dakatar da mutum har kwana 28. Kowace dokar tace kalmomi tana ɗaukar kalmomi har 1000 da tsarin regex 10, wato tsarin da ake rubutawa don gano rubutu mai wata siffa.

Inda ya fi amfani shi ne kama makullan sirri. A rubuta regex mai neman abin da ya fara da ghp_, wanda shi ne farkon wasu makullan shiga GitHub (dandalin ajiye lambar manhaja), nan take zai tare wanda ya liƙa makullinsa cikin kuskure.

Matsalar tana wajen alamar tauraro (*), wadda take tsayawa a madadin kowane irin haruffa. Wanda ya sa *ass* don hana zagi zai tarar an toshe class, assert da password, sai mai neman taimako ya rasa dalilin ƙin saƙonsa. Gara a rubuta kalmar cikakkiya, kuma a fara da kai rahoto kawai na mako guda kafin a kunna toshewa. Regex ɗin ma irin na yaren manhaja Rust ne, ba ya karɓar lookahead, wato duba abin da ke biye da kalma.

A gwada doka da asusun da ba na shugaban zaure (admin) ba, domin AutoMod ba ya taɓa saƙon shugabanni.