Inganci da kalmar efficiency: shin abu ɗaya ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko daidai ne a fassara kalmar Turanci efficiency da "inganci", kamar yadda kake yawan gani a rubuce-rubuce. A ganina wannan fassara tana ɓatar da mai karatu, domin ba abu ɗaya kalmomin biyu suke aunawa ba.

Inganci yana duban abin da aka samar, wato kyansa da ƙarkonsa. Ita kuwa efficiency tana duban abin da aka kashe kafin a samar da shi, ko lokaci ne ko kuɗi ko mai, sannan ta gwada shi da abin da ya fito. Teloli biyu za su iya ɗinka riga iri ɗaya, mai kyau ɗaya, amma ɗaya ya bar tarin ƙyalle a ƙarƙashin keke, ɗayan kuwa bai bar komai ba sai 'yan guntaye. Ingancin rigunansu ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi tattali. Shi ya sa na fi karkata ga "tattali" ko "rashin ɓarna".

A wurin injiniyoyi kalmar lissafi ce zalla: a raba ƙarfin da ya yi amfani da ƙarfin da aka zuba, a faɗi sakamakon cikin ɗari. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana shan wat 60, alhali ƙwan LED mai wat 9 ko kusa da haka yana ba da haske daidai da nasa, domin yawancin wutar da tsohon yake sha zafi take zama. Duk wanda ya taɓa shi yana kunne ya shaida. Injin mota mai fetur ma haka yake, galibin ƙarfin man yana fita ne ta salansa da lagireto. Tun 1824 Bafaranshe Sadi Carnot ya nuna cewa irin wannan inji yana da iyakar da ba zai ƙetare ba, kome gwanintar maƙerinsa.

Masana tattalin arziki kuma suna da tasu ma'anar, wadda ake danganta wa Vilfredo Pareto na Italiya: halin da ba za a iya ƙara wa wani ba sai an rage wa wani. Wannan ma'ana ba ruwanta da adalci, domin rabon da mutum ɗaya ya kwashe kusan komai yana iya cika sharaɗinta. A nan ko "tattali" ba ta wadatar ba, dole mai fassara ya ƙara jimla guda ta bayani.