Ƙasan ƙofa a Montreyal

Mutanen Damagaram, ina gaisuwa. Masu tambayar sanyin Kanada, yana nan. A Janairu yakan kai 20 ƙasa da sifili.

Iska ce ta dame ni ta ƙasan ƙofa, sai na yi irin ta gida, na naɗe tsohon bargo na toshe. Mai gidan da nake haya, tsohuwar da ta yi jika da ni, ta dubi bargon, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Kunya kamar in nutse. Can sai ga ta da takarda ɗaya da abin kwance ƙusa.

Ta shimfiɗa takardar a dokin ƙofa, ta rufe, ta ja, takarda ta zare salin alin. Ashe dokin ƙofarsu ba kafaffe ba ne. Alminiyom ne, da wani siririn katako a bisa wanda ƙusoshin murɗawa ke riƙe da shi. Ka murɗa ya ɗago, ka mayar ya sauka. Ta bi ƙusoshin kaɗan-kaɗan, tana gwadawa dama, tsakiya, hagu, har takardar ta koma sai an ja da ɗan ƙarfi. Ta ce in ya ɗago fiye da kima ƙofa za ta yi tauri, ta cinye robar da ke ƙarƙashinta. Robar in ta tsage, zare ta ake a sa sabuwa. Gishirin da suke zubawa a titi don ƙanƙara, takalmi ke kwaso shi ya ci ƙarfen, sai ana gogewa. Kafin kowane sanyi a sake gwadawa, don gida yana motsi. Da mai gyara na kira, sai an ba ni rana, kuma kuɗin zuwansa kaɗai ya isa cefanen sati.

Mu fa? Mai walda zai ƙera maka ƙofa da furanni da tauraro, a shafa fenti, a bar yatsa uku a ƙasa. Hunturu ya zo, mata su wuni shara. Kunama ta shigo, a ce tsautsayi. Wani ma har da na'urar sanyaya ɗaki, yana biyan wuta sanyin na fita tsakar gida. Tudun siminti na tare ruwan Agusta kam mun iya shi, ban raina mana ba.

Sai dai ɗakin nan da ya toshu, shiru ya yi yawa. Ba kiran salla, ba muryar mai tallan fura, ba mai yi maka sallama sai ya buga waya tukuna.

Ƙanena da ke Birni, in ka karanta, nemi tsohon tif na mota a kasuwar Dole, a yanka shi daidai faɗin ƙofar Inna, mai walda ya danne shi da siririn ƙarfe. A bari ya ɗan shafi ƙasa kawai. Kuɗin aikin na wuyana.