Hoton ƙashin bayan jariri: ekografi, radiyo, sikana ko IRM?

Iyayen da aka haifa musu jariri da ƙullutu a gadon baya, ko tsiron gashi, ko ɗan rami a saman tsagar ɗuwawu, sukan bar asibiti a Garwa ko Marwa da takardar neman hoto. Kafin a kashe ko sefa ɗaya, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne watannin yaron.

Idan bai wuce wata 3 zuwa 4 ba, ekografi, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, shi ne zaɓin farko. A wannan lokacin bayan ƙasusuwan gadon baya bai gama ƙwari ba, don haka sauti yana ratsawa har ya nuna lakar da ke ciki. Likita zai duba inda lakar ta ƙare: a ƙa'ida tana tsayawa wajen gaɓa ta 1 ko ta 2 ta ƙugu, idan kuwa ta sauka ƙasa da haka, ana zargin ta ɗaure, wato ta manne da abin da ke kewaye da ita, abin da kan taɓa ƙafafu da riƙe fitsari yayin da yaro ke girma. Babu tururin da ke cutarwa irin wanda hoton X-ray ke fitarwa, ba a ba da maganin barci, kuma ya fi IRM, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu (MRI), araha nesa. Aibinsa biyu ne: ingancinsa ya dogara da gwanintar mai riƙe na'urar, sannan da zarar ƙashi ya yi ƙwari damar ta wuce. A ganina jinkirin da ake yi a gida ana jiran a ga abin da hali zai yi shi ne asara mafi girma.

Radiyo, wato hoton X-ray, ƙashi kawai yake nunawa. Yana da amfani ga yaron da bayansa ya karkace, amma ba ya faɗin komai game da laka. Sikana (CT), wanda ke ɗaukar hoton jiki yanki-yanki, ya fi shi fayyace ƙashi, sai dai tururinsa ya fi yawa, shi ya sa ake barinsa ga likitan tiyata idan ya buƙata.

IRM ne ke nuna laka da jijiyoyi da kitsen da ya manne musu dalla-dalla, ba tare da tururi ba. Yakan ɗauki minti 30 ko fiye, kuma dole yaro ya kwanta ba motsi, saboda haka ƙananan yara sukan buƙaci maganin barci da hana su abinci na wasu awoyi. Na'urar tana manyan asibitoci ƙalilan, wani lokaci sai an hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Kafin tafiya a tabbatar tana aiki, a tambaya ko kuɗin ya haɗa da maganin barci da rubutaccen sakamako.

Jaririn da aka haifa bayansa a buɗe, ruwa na tsatsowa, ba ya jiran wannan lissafi. Ana so a rufe wurin da tiyata cikin kwana 2 zuwa 3, a kuma duba kansa da ekografi ta maɗiga, domin taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa takan biyo wannan lalura.