Manhajar binciken raunin tsaro don mataimakan ƙirƙirarriyar basira: takardunta sun koyar da girkawa, sun bar fassarar amsa

Manhajar da zan yi bayani a kanta ƙarama ce, kyauta ake samun ta, kuma aikinta ɗaya ne. Tana haɗa mataimakin ƙirƙirarriyar basira da rumbunan bayanan raunin tsaro, ta yadda idan aka umarce shi ya duba wani laburaren da shafin intanet ya dogara da shi, zai aika tambayar da kansa ya dawo da amsa. Laburare a nan shi ne shiryayyen ɓangaren manhaja da masu gina shafi ke ɗaukowa su yi amfani da shi. An gina ta bisa ƙa'idar MCP, wato tsarin haɗa irin waɗannan mataimaka da manhajoji na waje, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024. Mu da muke kula da shafukan makarantu masu zaman kansu da na 'yan kasuwa tsakanin Sabon Gari da Samaru muna da buƙatar irinta, domin mafi yawan abokan cinikinmu ba su da ƙarfin ɗaukar ma'aikacin tsaro na musamman. Abin da na sa a sikeli a nan shi ne takardun bayanin da suka zo tare da ita.

Sashen girkawa ya cancanci yabo. Umarnin a jere yake, misalin saitin da aka bayar yana aiki yadda aka rubuta shi, har ɗalibin da ke sanin makamar aiki a wurinmu ya girka ta ba tare da ya nemi taimako ba. An kuma yi taƙaitaccen bayani mai gamsarwa a kan lambar CVE, wato lambar shaidar da ake ba kowane raunin tsaro da aka bayyana, wadda cibiyar MITRE ta fara bayarwa a 1999, da rumbun bayanan raunuka na NVD da hukumar NIST ta Amurka ke gudanarwa tun 2005, da ma'aunin CVSS da ke auna tsananin rauni daga 0 zuwa 10.

Sai dai takardun irin wannan manhaja masu karatu biyu gare su, wato mutum da na'ura. Mataimakin ba ya buɗe dogon bayanin da aka rubuta wa mutane. Abin da yake gani shi ne sunan kowane aiki da manhajar ke iya yi masa, da 'yar jimlar da ke bayyana shi, da jerin bayanan da ake so ya shigar. A nan ne marubutan suka yi rowa. Aikin bincike da sunan manhaja jimla ɗaya aka ba shi, mai cewa yana nemo raunukan da suka shafi manhaja, ba a faɗi ko siga wajibi ce ba, ba a kuma nuna yadda ake rubuta ta ba. Saboda haka mataimakin yakan tura suna kawai, a jibgo masa raunukan shekaru masu yawa, waɗanda akasarinsu an daɗe da toshe su.

Babbar damuwata ita ce amsar da ta dawo fanko. Na ba mataimakin sunan wani laburare da na san yana da rauni a rubuce, amma na rubuta sunan yadda muke kiran sa a baki. Abin da manhajar ta mayar shi ne baka biyu masu kusurwa, babu komai a tsakaninsu, shi kuwa mataimakin ya rubuto mini cikin natsuwa cewa ba a sami wani rauni ba, laburaren lafiya lau yake. Dalilan da za su sa amsa ta zo haka suna da yawa. NVD yana gane manhaja ne da tsarin suna na CPE, wanda ke haɗa sunan kamfani da na kaya da siga, alhali rumbun OSV da Google ya kafa yana neman sunan ƙunshin laburaren tare da gidan da ake sauke shi daga ciki, kamar PyPI ko npm ko Maven, don haka kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓatar da bincike. NVD kuma yana taƙaita tambayoyi zuwa 5 a cikin daƙiƙa 30 ga wanda ba shi da mabuɗin rajista, 50 ga mai shi, kuma mataimakin da ke bin laburare da dama a jere yana cinye wannan kaso nan take. Tun daga Fabrairun 2024 aikin tantance sababbin raunuka a NVD ya yi jinkiri ƙwarai, har lambobi da yawa suka zauna ba tare da bayanin CPE ba. Ga kuma sabis ɗinmu da ke yankewa a tsakiyar aiki. Takardun ba su bambanta ko ɗaya daga cikin waɗannan da rashin rauni na haƙiƙa ba, sai lamarin ya zama kamar mai gadin da ya ce bai ga ɓarawo ba alhali tocilansa a kashe yake.

Misalin da suka zaɓa ma ya tsaya a rabin hanya. Sun ɗauko Log4Shell, wato CVE-2021-44228, wanda ya bayyana a Disambar 2021 da maki 10, suka nuna cewa an gyara shi a sigar 2.15.0 ta laburaren Log4j. Wanda ya bi lamarin a lokacin ya san wannan facin bai toshe ƙofar gaba ɗaya ba, sai da aka fitar da 2.16.0 saboda CVE-2021-45046, sannan 2.17.0, sannan 2.17.1. Mai karatun da ya koyi darasi daga wannan misali zai ba da shawarar sigar da ita ma tana da matsala. Haka nan ba a ambaci cewa masu kula da tsarin Linux na Debian da Ubuntu sukan ɗora faci a kan tsohuwar siga ba tare da sun sauya asalin lambarta ba, abin da ke sa a ɗaga hankalin mai shafi a kan raunin da an riga an rufe. Na kuma so a ce an yi maganar jerin KEV na CISA, hukumar tsaron intanet ta Amurka, wanda tun 2021 yake tattara raunukan da aka tabbatar masu kutse suna amfani da su, domin shi ne ke taimaka wa mai ƙaramin ofis ya san wanda zai fara gyarawa.

Ina ci gaba da amfani da manhajar, kuma zan iya ba wanda ya riga ya saba da waɗannan rumbuna shawarar ya gwada ta. Sabon shiga kuwa kada ya miƙa mata amanar shafin da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai ko bayanan biyan kuɗi shi kaɗai. A wurinmu mun ƙara wa mataimakin umarni cewa kullum ya tura suna tare da siga da gidan ƙunshi, kuma duk amsar da ta zo fanko ya rubuta ta a matsayin wadda ba a tabbatar ba, har sai ɗaya daga cikinmu ya buɗe shafin NVD ko na OSV ya duba da idonsa.