Nokul da hob ɗin da na siyo a Ƙofar Ruwa, da abin da Baba mai tana ya gano a jiki

Wata bakwai kenan ina haɗa wata 'yar mota a gida, a garejinmu da ke Rijiyar Zaki, mai zaman mutum biyu, gangar jikin duk fayif ne muka lanƙwasa muka yi walda ni da ƙanina, injin kuma na Golf 3 ne amma a baya muka ɗora shi, bayan kujeru. Da aka zo kan kayan ƙafar gaba sai na ce gara in tsaya a kan Golf ɗin gaba ɗaya, tunda kayanta ba sa wahalar samu a Kano, kuma wilinta mai huda huɗu ne, 4x100, ina da guda huɗu a ajiye tun bara. Da farko na so na fijo 504 saboda ƙarfi, amma nauyinsa ya yi wa 'yar motar yawa, ga shi 4x140 ne, sai ka sha yawo kafin ka samu wili mai kyau da zai hau.

To ranar wata Asabar na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa neman nokul biyu, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayar gaba yana juya ta idan an murza sitiyari, hagu da dama, da hob ɗinsu, inda ake ɗaure wili, da kalifa da diskin birki, ɗan Beljiyam. Ba zan faɗi shagon ba. Gaskiya tarbar da aka yi min ba laifi, mai shagon ya sa aka ba ni benci da ruwa mai sanyi, yaronsa ya shiga sito ya fito da su a buhu, ya ce min "Alhaji waɗannan daga jikin mota ɗaya aka kunce su, ko wata biyu ba su yi da sauka ba." Kun dai san yadda farashin kayan Beljiyam ya koma yanzu, mun yi ciniki har sai da na miƙe sau biyu kafin muka daidaita, har ma ya ƙara min kan shaf, wato kan sandar da ke juya taya wanda yake shiga cikin hob, guda biyu da suka lalace kyauta, da na gaya masa abin da zan yi da su. Wannan ya burge ni, domin wanda zai yi irin aikin nan ya sani, boris ɗin gaban Golf, wato zoben ƙwallayen da taya ke juyawa a kai, kan shaf ne da babban notin nan suke matse shi, idan ka ɗora taya babu su ko turawa ka yi a tsakar gida boris zai buɗe ya lalace. Tunda ƙafar gabana ba ta ja, sai a yanke kan shaf ɗin a bar guntun mai haƙori da zare a ɗaure. Ranar na dawo gida ina cewa ƙanina mun samu mutumin kirki, duk sauran kayan a wurinsa za mu siya.

Na jiƙa nokul ɗin biyu a kananzir kwana biyu, na bi da burushin waya. Na dama ya fito tas, tsatsa ce kawai sama-sama. Na hagu kuwa na lura akwai baƙin fenti a hannun da tayarod, sandar da ta taho daga sitiyari, yake kamawa, a ƙarƙashin giris da ƙasa, amma ban kawo komai a raina ba, na ɗauka fentin kamfani ne ya saura.

Daga nan na kai su Kwakwaci wurin wani dattijo, Baba, mai injin tana, wanda ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi, da fires, injin danna ƙarfe, wanda wani abokina bakanike ya haɗa ni da shi, don a fitar da tsofaffin boris a sa sabbi. Wallahi wannan bawan Allah shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Bai ma taɓa fires ba tukun, sai ya rataye na dama da waya ya ƙwanƙwasa da sufana, ƙara ta fito siririya tana ɗan jan lokaci, ya rataye na hagu ya ƙwanƙwasa, sai ka ji ƙwas, kamar an bugi fasasshen tulu. Ya dube ni ya ce "Ɗana, a ina ka samo wannan?" Na gaya masa. Bai ce komai ba ya sa yaro ya kankare fentin da sanfefa, sai ga walda, an yi ta an goge da garanda an shafe sumul an bi da fenti, daidai gindin hannun sitiyari. Ya shafa kananzir a wurin ya bari ya ɗan jima, ya goge da tsumma, ya murza alli ya barbaɗa, muna tsaye muna kallo sai ga wani siririn layi yana fitowa a cikin farin allin kamar gashi, ya bi gefen waldar ya zagaya baya. Tsagewa ce, kananzir ɗin da ya shige ciki ne yake dawowa waje. Ya ce wannan ƙarfen zubi ne, ba irin fayif ɗin da kuke haɗawa ba ne, idan aka yi masa walda da sandar gama-gari ba a gasa shi ba gefen waldar yana yin gautsi, zai riƙe yau ya riƙe gobe, ranar da ka faɗa rami da gudu sai ya ɓalle, tayar ta juya inda ta ga dama sitiyari yana hannunka ba ya jin magana.

Jikina ya yi sanyi wallahi. Motar nan ƙanina ne yake ta ɗokin shi zai fara tuƙa ta, kuma a gefen hagun yake zama. Na tsaya ina kallon layin nan a cikin alli na kasa magana, har Baba ya ce in zauna.

Washegari na koma Ƙofar Ruwa da nokul ɗin a hannu, allin ma ban goge ba don ya gani da idonsa. A nan ne mutumin da na yi ta yabo ya canja min fuska. Da farko ya ce shi bai san da walda ba, haka kwantena ta zo, wannan zan iya yarda, domin ba kowane kaya suke wankewa su duba ba. Amma sai ya ce wai tunda na jiƙa a kananzir na kankare fenti kaya ya tashi daga yadda ya bayar, ba ya karɓa. Na ce haba Alhaji, to da ban kankare ba ta ina za a gani, sai a kan titi? Kuma kai da bakinka da yaronka kuka ce min daga mota ɗaya aka kunce. Muka yi ta kai ruwa rana har maƙwabcin shagonsa, wani dattijo, ya sa baki ya ce masa "ka ji tsoron Allah ka canja masa, wannan maganar rai ce." Sai ya yarda zai canja amma in yi ciko, wai wanda ya rage mai tsada ne. Na yi cikon don kawai in rabu da wurin.

Ashe ban rabu ba. Na kai wa Baba sabon, ya ƙwanƙwasa ƙararsa lafiya, babu walda, amma da ya sa baniya, abin auna faɗi, a ramin boris sai ya ce wannan ai ba ɗan'uwan wancan ba ne. Na dama milimita 72 ne, irin na Golf 3, wannan kuwa 66, na tsohuwar Golf 2 ne, a ido suna kama amma boris daban, hob daban, guntun shaf ɗin da na yanka ma ba lallai ya zauna ba. Wato ya karɓi cikona ya ba ni abin da ya fi na farko tsufa, kuma ba zan yarda mutumin da ya shekara yana sayar da kayan Golf bai san bambancin ba. Wannan ya fi ɓata min rai a kan waldar ma, domin waccan ana iya cewa kuskure ne. Komawa ta uku ban yi doguwar magana ba, na tafi da baniyar Baba a aljihu, na shiga siton da kaina na auna har na samu na hagu mai 72, na ɗauka. Cikon dai bai dawo min da shi ba har yau, kuɗin adaidaita na zirga-zirga uku ma ban lissafa ba.

Aikin Baba kuwa sai dai a ce Allah ya saka. Ya fitar da zoben da ke riƙe boris gaba da baya, ya tura tsohon da fires ba guduma, ya wanke ramin ya duba ko ya buɗe. Sabon boris ya ce kar in siya sai ya gani, na kawo guda biyu kwalinsu an rubuta SKF, ya juya ɗaya a hannu ya duba rubutun jikin ƙarfen ya ce jabu ne in mayar, shi ya turo ni wani wuri a Sabon Gari na samo na gaske. Wajen sawa ya nuna min abin da ban sani ba, idan ana tura boris cikin nokul zoben waje ake dannawa, idan kuma ana tura hob sai an tokare zoben ciki ta baya, in ba haka ba ƙwallayen sun ji rauni tun kafin mota ta taka ƙasa, bayan 'yan watanni ka ji tana kuka. Ya kuma ɗora hob ɗin a injin tana ya juya don ya ga ko fuskar da diski yake zama tana rawa, ya bi zaren hudojin noti huɗun ya gyara biyu da suka ci.

Sai dai shi ma ina da ƙorafi ɗaya, kuma zan faɗa. Zoben tsohon boris da yake maƙalewa a wuyan hob ya bar wa yaronsa ya cire ya tafi sallar la'asar, yaron ya sa garanda ya yanka har ya ci wuyan hob ɗin dama, wani ɗan zane da farce yake kamawa. Baba da ya dawo ya yi masa faɗa sosai, ya goge bakin zanen da dutse ya ce ba zai hana boris zama daram ba, kuma ya rage min kuɗin aiki ba tare da na roƙa ba. Na yarda da shi, amma raina bai kwanta ba, bayan abin da na gani a na hagu ba na son ko ɗigon shakka a ƙafar gaba, don haka na sake siyan hob ɗaya a wani shagon daban. Kuɗi ne da ba su cikin lissafi, ga kwana tara da aikin ya ci maimakon uku da ya ce min, kullum sai a ce babu wuta injin ba zai tashi ba.

Yanzu suna nan a kan benci na shafa musu jan fentin hana tsatsa da baƙi a sama, hannun sitiyarin kawai na bari babu fenti mai kauri don in riƙa dubawa. Saura ƙarfen da zai haɗa saman nokul da boljoyin na sama, wato mahaɗi mai ƙwallo da nokul ke juyawa a kai, tunda ba shokar Golf zan sa a tsaye ba, shi ma Baba zan kai wa, na gaya masa sharaɗina shi zai yi da hannunsa. Tsagaggen kuwa yana wurin mai shagon, da na fito na ga yaronsa ya mayar da shi sito, kuma wannan abin yana damuna har yanzu, na hagu ne na Golf 3, akwai goge a gindin hannun tayarod.