Hattara da mai tallar fayil ɗin "zane ba ya zamewa"

'Yan uwa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin zaurukan Telegram yana tallar fayil na Unity, manhajar haɗa wasanni, wai yana jera zanen bulo ko na katako kamar tayil a jikin kowane abu ba tare da wahalar shimfiɗa UV (taswirar da ke nuna inda zane zai zauna a jikin abu) ba, kuma ko abin ya motsa ko ya juya, zanen na nan daram. Ni dai na faɗa tarkonsa, naira 15,000 ta tafi.

Bidiyon tallarsa ne ya ci ni. Sai daga baya na lura kyamara ce kaɗai ke yawo a ciki, akwatunan da ya ɗora wa zanen ko gezau ba su yi ba. Da na ɗora fayil ɗin a kan ganga na mirgina ta, sai zanen ya tsaya cak a wuri guda, gangar tana ratsawa ta cikinsa kamar mutumin da ya gifta gaban majigi.

Da na buɗe cikinsa, wallahi har dariya ta kama ni don takaici. Triplanar ne, wani kayan aiki na Shader Graph (sashen tsara kamannin jikin abubuwa), wanda ke zuwa kyauta tare da Unity, ya sauya masa suna kawai. Shi wannan yana haska zane ne daga fuskoki uku, X da Y da Z, yana lissafi da matsayin abu a cikin duniyar wasan. To da zarar abin ya gusa, lissafin ya sauya, dole zane ya zame. Gyaran bai kai minti biyar ba: a jona masa Position (matsayi) da Normal Vector (inda fuskar abu ke kallo), a sa duka biyun a kan Object, wato su yi lissafi da jikin abin ba da duniyar wasan ba. Sai dai idan ka ƙara wa abin girma zanen zai miƙe tare da shi, sai ka ninka matsayin da ma'aunin girman. Masu amfani da manhajar Godot ma sun huta, zaɓin Triplanar yana cikin StandardMaterial3D, kada dai a kunna World Triplanar ga abin da ke motsi.

Na nemi ya dawo mini da kuɗina, ya ce kwamfutata ce ba ta da ƙarfi, sannan ya toshe ni. Yanzu ya sauya suna yana tallar na manhajar Unreal, ina kuma kyautata zaton WorldAlignedTexture ne, shi ma kyauta, mai irin wannan zamewar. Duk wanda mutumin ya tuntuɓa, ya ce masa ya turo bidiyon da akwatin ne ke juyawa, kyamara a tsaye.